Sharar da Muka Yi wa 'Yan Sanda

Iyalina sun san halina. Duk ranar da aka ce za a yi babban baƙo a layinmu, aka fito da tsintsiya ana share ƙofar gida ana yayyafa ruwa, ni sai in ɗauki butata in shige ciki. Suna cewa tsufa ne ya sa ni ƙyashin baƙi. Ba tsufa ba ne, kuma ni ba na ƙin baƙo. Wata shara ce muka taɓa yi a ƙauyenmu, da hannuna a ciki, ta raba wani bawan Allah da aikinsa da mazauninsa, kuma har gobe ban gama sanin wa ya yi ta da zuciya ɗaya, wa ya yi ta da biyu ba.

Ƙauyen namu yana bayan Zawaciki, idan ka gangara wajen kogin Challawa. A farkon shekarun tamanin, lokacin da samari suka fara jingine fartanya suna bin kamfanoni, mu uku ne a garin muke aiki a wani kamfanin jimar fata: ni, da ɗan Baffana wanda muke sa'o'in juna, sai wani mutumin Damagaram da kowa ke kira Badamagare. Da sassafe za ka gan mu a jere a kan kekuna, mun ɗaure takalman ruwa a baya. Aikinmu tsayuwa ce cikin ruwan farar ƙasa da ake jiƙa ƙiraga, ruwan da in ya taɓa ƙafarka kwana biyu sai ta tsattsage, shi ya sa kamfani ke ba kowa dogon takalmin roba, baƙi, har gwiwa. Doka ta ce a bar su a wurin aiki. Mu kuwa ba mu bari, don in ka bari gobe sai ka tarar an musanya maka da mai ɓuli. A duk faɗin ƙauyen, mu ukun nan kaɗai muke da irin takalmin.

Badamagare ya girme mu nesa, zai yi shekara arba'in. Dogo ne, marar yawan magana, mai son shayi kamar me. Babana ne ya ba shi shagon da ke jikin zaurenmu, kuma tun da ya zo, kwano ɗaya muke ci da shi. Ni ina ce masa Malam, shi kuma yana ce mini ɗan gida. Shekararsa uku a wurinmu, babu wanda ya taɓa jin kansa da kowa. Burinsa ɗaya ne a duniya, ya ɗauko matarsa da 'ya'yansa daga can ya zauna da su a nan. Babana har ya nuna masa wani fili a bayan gidanmu ya ce ya gina, shi kuwa duk ranar hutu sai ya tuɓe riga ya yi ta buga tubali yana jerawa a rana. Kullum da yamma sai ya je ya tsaya a kansu yana kallo.

To, a shekarar ne Baffa, ƙanin babana, ya sayo injin ban-ruwa. Kafin nan kowa da jigo yake ba lambunsa ruwa, a wuni ana ɗaga guga ana zubawa har kafaɗa ta sage. Injin Baffa shi ne na farko a garin. Ja ne, da dogon tiyo baƙi da ake jefawa cikin kogi. Ranar da aka tayar da shi har tsofaffi sai da suka dogara sanda suka je kallo. Baffa kuwa ba a magana, tafiyarsa ma ta canza. Ya ƙara fangaloli, ya dasa tumatir da albasa har bakin gaɓa, kuma a gaban jama'a ya dubi ɗansa ya ce, “To, kai kuma zancen kamfani ya ƙare. Wata na mutuwa ka ajiye musu takalminsu ka dawo lambu. Na gaji da warin jima a gidana.”

Ni kuwa na san abin da ke ran ɗan Baffa. Shi ya riga ya ɗanɗani birni. Ya sayi rediyo, ya sayi agogo, yana zancen za a mai da shi wajen injin aske fata inda babu tsayuwa a ruwa. A hanya ya sha ce mini shi da ya koma kwasar laka a lambu gara ya bar garin gaba ɗaya.

Akwai kuma wani abu da ya faru kamar sati biyu kafin ɓarnar, wanda daga baya kowa ya riƙa tunawa da shi kamar shi kaɗai ne ya taɓa faruwa a garin. Badamagare yana da al'adar in mun dawo aiki ya tsaya bakin kogi ya wanke takalminsa da kayan aikinsa. Rannan ya yi wankin a saman inda tiyon Baffa ke jan ruwa. Baffa ya gani, ya hau shi da faɗa, wai zai kashe masa shuka da gubar kamfani. Ni abin dariya ma ya ba ni, kogin da kamfanoni ke zuba masa abin da suka ga dama, wai takalmi ɗaya ne zai ɓata shi. Amma Baffa in ya fara ba ya jin kira. Har ya ce masa, “Ku baƙin nan ba ku san darajar abin mutane ba.” Badamagare ya tattara kayansa ya ce, “Ku yi haƙuri, Alhaji, ba zan sake ba.” Iyakar abin da ya ce ke nan, ina tsaye a wurin.

Garinmu ba shi da masallacin Juma'a a lokacin. Duk Juma'a maza kan ɗunguma zuwa Kumbotso, gari ya rage daga mata a cikin gidaje sai yara. Ranar Juma'ar da abin ya faru, an tashe mu aiki da sha biyu kamar kullum. Badamagare ya hau kekensa ya nufi cikin birni, don can ya saba yin Juma'arsa, ya gana da mutanen ƙasarsu ya ji labarin gida. Ɗan Baffa ya ce mini in yi gaba, zai tsaya a gyara masa sarkar keke. Na dawo gida ni kaɗai, na yi wanka, na bi su Baba. A masallaci na waiga na waiga, ban ga ɗan Baffa ba, amma taro ne babba, ban sa komai a raina ba.

Muna dawowa wajen ƙarfe uku muka ji salati daga bakin kogi. Baffa ne ya riga kowa isa lambu. Muka ruga. Innalillahi! An yanka tiyon nan gunduwa-gunduwa da wuƙa. An buɗe bakin tankin injin an ɗura masa yashi har ya cika ya zubo, an kuma kifar da shi. Fangali huɗu na tumatir, wanda ya fara nuna, an tumɓuke an tattake. Baffa yana zaune dirshan a ƙasa da babbar rigarsa ta Juma'a, yana ta faɗin, “Me na yi wa mutane? Me na tsare wa wani?” Wallahi ya ba ni tausayi, duk da halinsa.

Mutane suka yi cirko-cirko daga gefe, kowa na tsoron matsawa. Ni na zagaya ta wajen magudanar da ruwa ke bi ya shiga fangaloli, inda laka ba ta bushewa. Nan na ga sawu. Sawun takalmin ruwa ne, ya fito raɗau, guda biyar ko shida, sun nufi wajen injin sun dawo. Na durƙusa na duba da kyau. A dunduniyar ƙafar hagu akwai wani ɗan da'ira mai santsi, kamar girman bakin kofin shayi, inda zanen takalmin bai fito ba. Na san wannan da'irar. Watanni kaɗan kafin nan ƙusa ta huda takalmin ɗan Baffa, ni na raka shi wurin mai faci a Panshekara, aka yanko tsohon tib na taya aka manna masa a wurin. Kullum a kamfani ina ganin tambarin facin nan a kan jiƙaƙƙen siminti.

Na miƙe na koma cikin mutane ban ce komai ba. Wasu ma sun hango sawun daga nesa, har wani ya ce, “Kai, wannan ai takalmin 'yan kamfani ne.” Sai na ga idanu sun fara juyowa. A daidai lokacin Badamagare ya iso, ya jingine kekensa, ya zo ya yi wa Baffa jaje. Ya ɗan zagaya kamar yadda kowa ya yi, ya koma gida. Ɗan Baffa kuwa sai gab da magariba ya shigo gari, da silifa a ƙafarsa, babu takalmi a bayan kekensa. Ya yi salati ya fi kowa ƙarfi.

Mai unguwa ya ce wannan ɓarna ta fi ƙarfinsa, sai hukuma. Ya tura mutum caji ofis, aka dawo da amsa cewa Sajan da kansa zai zo gobe da hantsi ya ga wurin. Tun da nake, ban taɓa ganin ɗan sanda ya shigo ƙauyenmu da sunan aiki ba. Labari ya bazu, gari ya ɗauki harama kamar za a yi biki.

Yanzu ga inda muka yi abin da sai mu. A garinmu, kuma na san ba mu kaɗai ba ne, babban baƙo ba ya taka wurin da ba a share ba. Malamin gona ne zai zo, ko mai allurar rigakafi, ko ɗan aiken hakimi, sai an share inda zai bi da inda zai zauna, an yayyafa ruwa, an shimfiɗa tabarma. Rashin yin haka abin kunya ne da za a daɗe ana yi wa gari gori a kai. To Sajan guda zai zo, kuma lambu zai nufa. Da aka idar da sallar asuba ranar Asabar, mai unguwa ya miƙe a masallaci ya ce, “Jama'a, baƙin hukuma za su zo mana. Kar su tarar da mu cikin ƙazanta. Kowa ya fito da tsintsiya, daga bakin hanya har lambun Alhaji.”

Babu wanda ya ce a'a. Ni da na yi firamare, na kuma yi shekaru ina cuɗanya da mutanen birni, na san sarai ba a taɓa wurin da aka yi ɓarna kafin hukuma ta gani. Na buɗe baki zan yi magana, sai na tuna da'irar nan ta dunduniyar hagu, na mayar da bakina na rufe.

Kai, mun yi shara! Tun daga kan kwalta muka faro. Aka share hanyar da ta ratsa gari, aka share gangaren kogi, aka shiga lambun kansa. Tumatirin da aka tumɓuke aka tattara shi wuri ɗaya aka yi masa tsibi mai kyau. Guntayen tiyo aka jera su a gindin mangwaro, manya a gefe, ƙanana a gefe. Injin da ke kife aka tayar da shi, aka zazzage yashin, wani dattijo ya kawo tsumma ya goge shi tas har yana ƙyalli, wai kar Sajan ya ɓata hannunsa. Aka ɗauko kujera mai hannu daga gidan mai unguwa, aka shimfiɗa darduma a gabanta.

Idona yana kan magudanar nan. Masu tsintsiya ba su je wurin ba, don laka ce, ba ta sharuwa. Na ce a raina to shi ke nan, sawun zai tsira, Sajan ya gani da idonsa, ni babu ruwana. Sai na ga Baffa ya ɗauki fartanya. Ya tafi kai tsaye wurin, ya tsaya ya ɗan jima yana kallon ƙasa, sannan ya fara jawo busasshiyar ƙasa yana rufe lakar yana baje ta. Wani ya ce, “Alhaji, ku kawo a yi muku mana.” Ya ce, “Bar shi. Santsi ne a nan, kar baƙi su zame.” Da ya gama ya ɗago ya gan ni riƙe da garwar ruwa, ya ce, “Kai, zo ka yayyafa nan, ƙura ta kwanta.” Na je na yayyafa.

Shekara da shekaru ina juya wannan tsayuwar ta Baffa. Ya gane facin? Takalmin ɗansa ne, kullum yana jingine a tsakar gidansa, yana taka jiƙaƙƙiyar ƙasa a gindin randa. Ko kuwa da gaske santsin ya gani? Mai unguwa fa, da ya yi shelar shara, shi ya tuna da kansa ko wani ne ya je masa da ita tun kafin asuba? Na ga Baffa a zauren mai unguwa bayan isha'i, amma ai mai ɓarna a lambu dole ya je wurin mai unguwa. Kowane abu na ɗauka sai in ga yana da fuska biyu, kuma duk waɗanda zan tambaya sun riga mu gidan gaskiya.

Da hantsi suka iso a kan babur, Sajan da wani kofur. Sajan ɗin babban mutum ne, gajere, mai faɗin kafaɗa. Ya sauka, aka yi gaisuwa, aka kawo ruwa da fura, ya ce sai ya ga aiki tukuna. Na lura ya zaro wani kwali da zare da fensir daga jakarsa. Muka ɗunguma zuwa lambu, mai unguwa a gaba yana taƙama da hanyar da ta sha shara. Sajan na tafe yana kallon ƙasa, fuskarsa na ƙara ɗaurewa. Da muka isa ya ga kujera da darduma, ya ga inji na ƙyalli, ya ga tiyo a jere, sai ya tsaya cak.

“Ina wurin da aka yi ɓarnar?”

Mai unguwa ya ce, “Ai nan ne, ranka ya daɗe.”

“Wa ya share nan?”

“Mu ne, ranka ya daɗe. Duk gari aka fito. Ai ba ma bari ku zo ku tarar da wuri kaca-kaca.”

Sajan ya cire hularsa, ya shafa kansa, ya dubi kofur, ya dubi sama. Ya ce, “La'ilaha illallahu. Malam, ni kaca-kacan na zo gani! An ce mini akwai sawu. Ga kwali na kawo in auna. Da kun bar mini sawu ɗaya tak, da kafin azahar na gama aikina na tafi.” Mai unguwa ya yi tsuru-tsuru. Wallahi har cikin ransa ya zaci yabo zai sha. Ni kuwa kunya da wani irin sauƙi suka haɗu suka cika mini ciki, kuma sauƙin ne ya fi ba ni haushin kaina.

Dole Sajan ya zauna a kujerar da aka tanadar masa, tunda babu abin da ya rage sai bakin mutane. Bakin mutanen garinmu kuwa, Allah ya kiyashe ka. Kowa ya ga sawu, amma babu biyu da suka ga iri ɗaya. Wannan ya ce babba ne, wancan ya ce madaidaici. Abu ɗaya aka haɗu a kai, takalmin 'yan kamfani ne. Sajan ya ce su wa ke da shi, aka nuna mu uku. Ya ce kowa ya kawo nasa.

Na kawo nawa. Babana da mutum goma suka shaida tare muka je masallaci muka dawo. Ɗan Baffa ya ce nasa yana kamfani, tun ranar Alhamis ya bar shi a can. Ƙarya ce, ranar Juma'a da rana na gan shi ɗaure a bayan kekensa. Sajan ya ce ina yake lokacin Juma'a, ya ce wurin gyaran keke, daga nan ya yi salla a hanya. Kafin Sajan ya sake jefa masa wata tambayar, Baffa ya yi caraf ya ce, “Yallaɓai, wannan ai ɗana ne. Lambun nasa ne. Mutum ya ɓata abinsa da kansa?” Jama'a suka ce haba, haba, ai ba ta yiwuwa. Sajan ya ɗan daɗe yana kallon ɗan Baffa, sannan ya rubuta wani abu ya wuce.

Badamagare ya kawo nasa, a wanke fes kamar yadda ya saba. Wani daga baya ya ce, “Kun ga har ya wanke.” Wani ya tuno faɗan bakin kogi, kuma kafin labarin ya zagayo, haƙurin da Badamagare ya bayar ya koma wai ya ce za a gani. Aka tambaye shi wa ya gan shi a birni, ya ce mutanen ƙasarsu, 'yan ci-rani, yau suna nan gobe suna can. Mutanen da suka shekara uku suna shan shayinsa suka riƙa cewa dama su tun farko shirunsa bai kwanta musu ba.

Sajan ba wawa ba ne, wannan zan faɗa a ko'ina. Ya juya takalmin Badamagare ya duba ƙasansa, ya ɗaga murya ya ce, “Ina tambaya ta ƙarshe. Akwai wanda ya matsa kusa ya ga sawun nan da kyau? Wata alama, yanka, faci, ko wani abu?” Ya bi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kaina ya tsaya, ya ce, “Kai ɗan kamfani, kai ka san takalman nan. Ba ka duba ba?”

Baffa yana gefen dama na, babana yana gefen hagu. Na ce, “Daga nesa na hango, Yallaɓai.”

Ya rufe littafinsa. Ya ce shi ba shi da hujja a kan kowa, amma tunda mai ƙara da jama'a sun nuna mutum ɗaya, dole ya tafi da shi ya amsa tambayoyi. Babana ya yi magana, ya ce mutumin nan amanarsa ne, bai taɓa ganin wani mugun abu a tare da shi ba. Sajan ya ce, “Baba, ni ma ban gani ba. Ku kuka share abin da zan gani.” Aka sa Badamagare a tsakiya a kan babur, kofur ya rungumi takalmin a baya. Badamagare ko waiwaye bai yi ba.

Kwana uku ya yi a can. Ranar Litinin na je wurin helluma, shugabanmu na leburori a kamfani, na ce masa mutumin nan wani uzuri ne ya tsare shi. Helluma ya nuna mini bakin get, inda mutum ya fi hamsin ke tsugune kullum suna jiran a ce ana neman hannu. Ya ce, “Uzuri a caji ofis? Labari ya riga ka zuwa.” Kafin azahar an ba wani wurinsa. A ranar kuma na ga ɗan Baffa da sabon takalmi, wai tsohon ya ɓace a ma'ajiya. Muka haɗa ido a kan ramin farar ƙasa, ya kawar da kai. Daga ranar har ya bar duniya ba mu taɓa tayar da zancen ba, kuma ba mu ƙara jerawa a hanya ba. Baffa bai sake ce wa ɗansa ya bar kamfani ba. Injin ma da aka gyara, wani daban Baffa ya ɗauka ya riƙa kula masa da shi.

Ranar Talata da yamma Badamagare ya dawo a ƙafa. An sake shi, babu hujja. Bai faɗi abin da ya gani a can ba, mu ma ba mu tambaya ba. Sakin bai wanke shi a idon gari ba. In ya doso majalisa sai hira ta mutu. A masallaci wanda ke kusa da shi sai ya ɗan ja jiki. Babana ya yi ta lallashinsa ya zauna, ya ce za a nemo wani aikin a Sharaɗa ko Bompai, ga fili, ga tubali ya kusa isa. Ya ce, “Baba, Allah ya saka muku da alheri. Amma ba zan kawo 'ya'yana inda za a riƙa nuna su ana cewa ga 'ya'yan wanda ya fasa inji ba.”

Ranar da zai tafi na ƙi zuwa aiki, na ce zan raka shi bakin hanya. Ya ɗaure 'yan kayansa a keke, tabarma, butar shayi, ƙullin tufafi. Ya ce tubalin a ba masallaci. Muka tura keken muna tafe, muka bi ta hanyar nan da muka share, wadda tuni awaki suka mayar da ita yadda take. Da muka iso kwalta na ce, “Malam, ka yafe mana. Mutanenmu jahilci ne ya yi musu yawa, da ba su share wurin nan ba da gaskiya ta fito.”

Ya tsaya, ya jingine keken a jikinsa, ya dube ni. Babu fushi a fuskarsa, kuma na fi son a ce akwai.

Ya ce, “Ɗan gida, ni ma na ga facin.”

Ya ƙara da cewa, “Wata nawa ina bin bayan takalmin nan a kan siminti? Tun ranar Juma'a na gane shi. Kuma tun ina tahowa a kan keke na hango lokacin da ka durƙusa.”

Na ce, “To me ya hana ka faɗa wa Sajan? Kwana uku fa!”

Ya ce, “Shekara uku ina cin tuwon gidanku. In buɗe baki in nuna ɗan ƙanin mai gidana, a gaban mai gidana? Wa ma zai yarda da ni? Wannan magana ba a bakina ya kamata ta fito ba. Da Sajan ya tsaya a kanka, na ce alhamdulillahi, ga ɗan gida zai faɗa.”

Ya gyara ɗaurin kayansa, ya miƙo mini hannu muka yi musabaha, ya ce in gaida Baba. Ya hau kekensa ya nufi birni, ni kuwa na tsaya a bakin kwalta har na daina hango shi. Ban sake jin labarinsa ba, ko sunan garinsu na ainihi ban taɓa tambaya ba.

Da na koma gida na leƙa shagonsa. Ashe kafin ya fito sai da ya share ɗakin tas, ya yayyafa ruwa, ya jingine mana tsintsiyarmu a bayan ƙofa.